Tarihin garakenmu, kamar yadda munka ji shi munka gan shi a ranin bana

Zuwa ga iyayenmu dattawa, da ƴan'uwanmu da ke Maraɗi da Yamai da Damagaram da Tawa da Arlit, da waɗanda neman abinci ya kai Kano, Legas, Kwatano, Abijan ko Libiya.  

Ga dalilin wannan dogon rubutu. A taron da ƙungiyar masu garka ta yi bayan kaka, an tada maganar fadama. Shekarun nan, da zarar tsoho ya rasu anka raba gado, sai mu ji an sayar da kason fadama ga wani ɗan kasuwa na birni, kuma yawancin masu sayarwa ƴan'uwanmu ne da ke waje, waɗanda ke ganin yankin ƙasar ya yi ƙanƙanta, kuɗinshi sun fi shi amfani. Ba mu ga laifin kowa ba, domin kowa ya san nauyin da ke kanshi. Amma sarkin noma ya ce mutum ba ya sanin darajar abin da bai san tarihinshi ba. Saboda haka anka yanke cewa duk daren Alhamis bayan lisha za a zauna ƙofar mai gari a saurari wanda ya san wani abu game da garka, kuma lokaci lokaci a tashi da safe a tafi a duba garakenmu da na maƙwabta. An yi haka tun daga shigowar ɗari har zuwa cirar albasa. Mu da ke riƙe da alƙalami anka ɗora wa rubuta abin da anka ji, domin ku da ba ku nan ku samu rabonku.

Gulbi da kakanninmu

Zama na farko na dattawa ne. Wanda ya fi kowa shekaru cikin gari ya fara da gulbi, ya ce ba a fahimtar garka sai an fahimci ruwan da ke ƙarƙashinta. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya fito, ya shigo ta Madarumfa, ya bi Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Amma in ya cika ya malala, yakan bar laka mai ƙarfi bisa fadama, ya kuma bar ruwa kusa cikin ƙasa, wanda mutum zai tona da hannu ya tarar.

Bayan jihadi, sa'ad da sarakunan Katsina sunka bar birninsu a 1807, zuriyarsu ta zo ta kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma sunka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Zamanin nan bakin gulbi kurmi ne mai duhu, shi ne garkuwar mutane. Ba a yin nisa da gari don tsoron mahara, saboda haka abincin jama'a daga fadama da gonakin kusa yake fitowa. In ruwa ya janye a shuka dawa da kaɗa da baba, a dasa taba da dankali da rogo, masu rijiya su yi alkama da albasa da tonka. Da jigo ake ban ruwa, itace mai guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan, mutum ya tsaya bakin rijiya tun asuba yana ja yana zubawa cikin magudana. Tabar gulbi ta yi suna, fatake na ɗaukar ta zuwa kasuwanni masu nisa. Dattijon ya ce ya ji daga bakin mahaifinshi cewa a yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914, mutanen tudu gangarowa sunka yi bakin gulbi, domin nan ne kaɗai ake samun ɗan rogo da ganye.

Samari da yawa sun yi mamaki, domin tsammaninsu noman rani abu ne da gwamnati ta kawo. Tun daga daren nan munka gane cewa garka ta girmi duk wata gwamnati da munka sani.

Zamanin gujiya

Zama na biyu ya nuna yadda anka juya wa fadama baya. Da mulkin Faransa ya zauna, tsoron hari ya ƙare, sai mutane sunka watsu cikin daji suna sassabe suna kafa tunga. Haraji kuma da kuɗi ake biyanshi, kuɗin kuwa gujiya ke kawo su, wadda mutanen Kano ke kira gyaɗa. Ita Maraɗi kanta, bayan da ruwan gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, tudu ta hau, kasuwancin gujiya ya raya ta. Bayan mulkin kai anka kafa SONARA a 1962 tana sayen gujiya, kuma tsakiyar shekarun 1960 ba abin da ke kawo wa ƙasa kuɗi kamarta. Wanda ya sayar da buhunan gujiya da kaka ya biya haraji, ya yi sutura, ya yi aure, me zai kai shi jan jigo cikin sanyi? Garka ta zama aikin tsofaffi da marasa gona. Samari kuwa, in an gama girbi, sai su kama hanyar ci rani.

Amma hanya ba kullum take buɗe ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, kaɗan daga cikin mutanenmu sun komo gida hannu wofi. Sa'an nan fari ya zo, ya tsananta a 1973, dabbobi sunka mutu, rumbuna sunka bushe, har abin ya kai ga juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawo Seyni Kunce. A 1975 darɓa ta faɗa wa gujiya ta ƙarasa abin da fari ya rage, tun daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Wani tsoho da ya ga wanga zamani ya ce shekarun nan ne ya fara ganin manyan magidanta suna yashe rijiyoyin kakanninsu da sunka bari ƙasa ta binne.

Shekarar El Buhari

Zama na uku ya fi kowane cika, domin da yawa cikinmu sun ga abin da idonsu. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta canza kuɗi ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 1986, kuma a Mayun 1985 aka sake wata korar. Cikin wannan tsakani ne daminar 1984 ta lalace. Hatsi bai yi ba, naira da ke ɓoye cikin tukwane ta zama takarda, kasuwannin Jibiya da Katsina da munka saba auno hatsi ba hanyar zuwa. Shi ya sa yunwar ta samu sunan El Buhari a ƙasarmu.

Shekarar nan ce gwamnatin Kunce ta yi kira ga ƙasa duka cewa a duƙufa ga noman rani duk inda ruwa yake. Samariya ta fito, anka yi shinge da kara da ƙaya, anka haƙa rijiyoyi, anka kawo iri, wasu wurare ana ba mai aiki abinci madadin lada. Wanda ke da fadama ya ara wa wanda ba shi da ita, ba jinga ba takarda. Lokacin nan ne salati da shu da karoti da dankalin turawa, waɗanda muke ɗauka abincin ma'aikatan birni ne, sunka shigo tukunyar ƙauye. Shugabar mata ta ba mu dariya da labarin yadda uwayenmu sunka fara dafa salati kamar rama, domin ba su yarda a ci ganye ɗanye ba. Amma ta ce a daina dariya a tuna cewa dankali da rogo da ganyen garka su ne sunka riƙe yara har taimakon dawa ya iso.

Wani ɗan'uwanmu da korar 1985 ta maido daga Legas ya tashi ya yi magana. Ya ce ya sauka gida ba shi da ko dala, abin da ya tarar shi ne ɗan yankin fadamar mahaifinshi, wanda shekara biyu kafin nan ya so ya sayar, wanshi ya hana. Da wannan yankin ya ci da iyali, da shi ya aurar da ɗiyanshi, yau jikokinshi ke ciki. Bayan ya zauna ba wanda ya ce uffan na ɗan lokaci. Waɗanda yaƙin Libiya ya maido a 2011 sun ce su ma abin da ya faru gare su ke nan.

Daga jigo zuwa inji

Zama na huɗu malamin gona ne ya zo daga birni. Ya bi mana yadda ban ruwa ya sake. Bayan jigo da guga aka samu rijiyar siminti, wadda ba ta rubzawa kowace damina. Gwamnati ta kafa ONAHA a 1978 don kula da manyan filayen ban ruwa, kuma farkon shekarun 1980 anka buɗe filin Jiratawa, kusan hekta 500, inda injin lantarki ke jawo ruwa daga foraj. Daga baya ƙananan foraj na tiyo da injin ban ruwa mai shan mai sunka bazu, domin man Najeriya yana da araha. Aikin da mutum biyar ke yi da guga yini guda, inji ya yi shi kafin hantsi. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta tsadar da takin zamani da kayan inji, amma ta sa albasar ƙasarmu ta samu kasuwa a Abijan da Ankara. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya yi sama, wasu sunka juya injinsu ya koma shan gas, masu hali sunka sayi na hasken rana.

Malamin ya tsaya kan albasa, domin ita ce ke kawo kuɗi. Ya ce irin Galmi ya yi suna ne don yaji da jure ajiya, amma manomi na iya ɓata wagga baiwa da hannunshi. In an cika mata takin zamani, ta yi girma ta cika ido, sai ta ruɓe cikin rudu. A yawaita takin gida ruɓaɓɓe. A dasa yayyafi bayan kamar kwana 45, kada a bari ya tsufa. A ɗauke ruwa kamar sati biyu kafin cira, a bar ganye ya kwanta, a shanya cikin inuwa. Wanda ya sayar lokacin cira ya sayar da araha, domin kowa ya fito da tashi, wanda ya iya ajiyewa zuwa ƙarshen damina shi ke cin riba. Ya kuma ja kunnenmu kan piya-piya da sauran magungunan kasuwa marasa takarda, waɗanda wasu ke fesa wa salati da shu yau su kai kasuwa gobe. Ya nuna yadda ake daka ƴaƴan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa da marece. Tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Kano da Katsina a 2016, ya ce ba ta jin yawan magani, gara a ƙone ragowar shuka, a daina maimaita tumatir wuri ɗaya.

Abin da ido ya gani

Gani ya kori ji. Fitarmu ta farko garkar sarkin noma munka je, wadda ta fi kowace tsufa. Har yanzu gindin jigon kakanshi yana nan tsaye bakin wata rijiya da ta ƙafe. Ya sa yara sunka zura igiya cikin tsohuwar rijiya, sa'an nan cikin sabuwar da yake sha yanzu, anka shimfiɗa igiyoyin biyu ƙasa kowa ya ga bambanci. Ba a bukaci dogon bayani ba. A garkar nan mangwaro da gwaba da lemu suna gefe, ganye yana tsakiya, gawo biyu na tsaye ba a taɓa sare su ba, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta fi sauran baƙi da laushi.

Fita ta biyu garkar mata ce. Filin aro ne, rijiya ɗaya, kowace mace da ƴan fangalinta. Su ne sunka fi mu tsari. Suna da ranar ban ruwa ta kowa, suna da asusu da ake zuba wa duk sati don gyaran guga da shinge, kuma su ke ajiye irin yakuwa da kuɓewa da gauta da yalo na gargajiya cikin goruna, irin da mu maza munka bari ya ɓace muna sayen na gwangwani. Kukansu ɗaya ne, mai filin ya rasu, magada suna waje, ba su san ko baɗi za a bar su ba.

Fita ta uku munka ɗauki mota zuwa Jiratawa. Mun ga zogala fili guda, ana yanka ana cika buhuna zuwa Maraɗi da Yamai, ganyen da a da muke bari bakin darni. Mun ga magudanan siminti, mun ji yadda manoma ke karɓar ruwa bi da bi, kowa ya biya kuɗin ruwa bayan girbi. Sun faɗa mana gaskiya cewa tsarin yana tafiya ne muddin kowa na biya, in wasu sun ƙi, kowa ke shan wahala.

Fita ta ƙarshe ita ce mai ɗaci. Mun zagaya yankunan da anka sayar. An kewaye su da waya, an haƙa foraj mai zurfi, inji na aiki dare da rana, ƴaƴan masu wurin na da suna ciki suna ƙwadago. Maƙwabtan da ke da gajerun rijiyoyi sun ce tun watan Maris ruwansu ke ja baya. Ba mu zargi mai saye ba, da kuɗinshi ya saya, kuma ya ba samari aiki. Amma mun tsaya mun yi shiru.

Ruwa yana nisa

A zama na ƙarshe anka haɗa abin da anka ji da abin da anka gani. Tun da anka gama madatsar Jibiya farkon shekarun 1990, gulbi ba ya malala kamar da, laka ba ta sauka bisa fadama kowace shekara. Kurmin bakin gulbi ya tafi, yashi na gangarowa daga tudu yana binne ƙasa mai kyau. In ruwa ya zo kuma da ƙarfi yake zuwa, kamar yadda munka gani a daminar 2024. Mutane sun ƙaru, gado na ragewa da kowace rabo, injuna sun yawaita, duk kuwa daga tulu ɗaya muke sha.

Duk da haka tarihi bai ba mu dalilin yanke ƙauna ba. Sassaben zamani, wato barin toho ya girma cikin gona maimakon a sare, daga ƙasar Maraɗi ya fara a shekarun 1980, kuma kowa ya ga yadda gonakin tudu sunka sake yin itace. Abin da anka yi wa tudu ana iya yi wa fadama. Kuma hanya tana nan tana rufewa kamar yadda ta saba. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Duk sa'ad da haka ta faru, fadama ce ke karɓar wanda ya komo.

Abin da munka yanke

Na ɗaya, muna roƙon duk wanda ke da kaso cikin fadama, in ba dole ba kada ya sayar. In ba ka iya nomawa, ka ba ɗan'uwa aro, ko ka ba ƙungiya haya ta raba wa mata da samari. In dole ta sa sai an sayar, a fara yi wa dangi da mutanen gari tayi.

Na biyu, duk aro ko haya ko jingina a rubuta shi gaban mai gari da kwamitin filaye, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Da yawa sun ce tsoron kada aro ya zama mallaka ne ya sa sunka gwammace sayarwa. Takarda tana maganin wanga tsoro.

Na uku, magadan filin garkar mata, mun san wannan takarda za ta iso gare ku. Muna roƙonku ku aiko da magana kafin damina.

Na huɗu, ku da ke aiko kuɗin inji, Allah ya saka, amma maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kan foraj ɗaya ya fi kowa ya huda nashi. Ƙungiya za ta riƙa auna zurfin ruwan wasu rijiyoyi farkon kowane wata tana rubutawa cikin littafi, domin na baya su samu abin dubawa.

Na biyar, ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, za mu dasa bakin gulbi daga mashaya zuwa iyakar gari. Mata sun ɗauki nauyin renon itatuwan. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun ma'ajin ƙungiya na garin da yake.

 Wanda ya ga kuskure cikin wanga tarihi, ko yake da abin da ya ji daga iyayenshi, ya rubuto ko ya aiko da saƙon murya, za mu sa shi a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido ku gida lafiya.